Norway Bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Sojojin Jamus sun mamaye Norway daga watan Afrilun 1940 zuwa Mayun 1945. Yankin Finnmark da ke can arewa ya fi ko'ina shan wuya, domin a ƙarshen 1944 Jamusawa sun ƙona gidaje da gadoji da tashoshin jiragen ruwa yayin da suke ja da baya. Mutane da dama da suka bar yankin sun dawo sun tarar da toka.

Aikin sake gina ƙasar ya faɗa hannun jam'iyyar ma'aikata ƙarƙashin Einar Gerhardsen, wanda ya yi zaman fursuna a sansanin Sachsenhausen. Jam'iyyar ta riƙe rinjaye a majalisar dokoki daga 1945 zuwa 1961, kuma ta ɗauki hanya mai tsauri: a ɗaure ciki a gina masana'antu tukuna. Gwamnati ta ƙayyade farashi, ta raba kayan masarufi bisa kati, har sayen mota sai da izini zuwa 1960. Kuɗin da aka samu, haɗe da tallafin Amurka na shirin Marshall, an zuba shi a madatsun ruwa masu ba da lantarki, da masana'antar alminiyum ta Årdal, da ta ƙarfe a Mo i Rana. A 1946 aka kafa bankin gidaje na gwamnati, aka kuma fara biyan iyaye kuɗin kula da yara. Tsarin inshorar jama'a na bai-ɗaya ya fara aiki a 1967, lokacin da mulki ya riga ya koma hannun jam'iyyun adawa, alamar cewa wannan tsari ya zama na kowa.

Ta fuskar tsaro, ƙasar ta bar matsayin 'yar ba-ruwanmu, ta shiga ƙungiyar NATO a 1949. Amma da yake tana iyaka da Tarayyar Soviet, ta ƙi yarda a kafa sansanin sojojin waje a ƙasarta lokacin zaman lafiya.

Man fetur ya zo ne daga baya, kuma ya tarar da hukumomi tsayayyu, abin da ya sa bai wargaza ƙasar ba. Tun 1963 gwamnati ta ayyana cewa arzikin ƙarƙashin tekunta mallakar ƙasa ne. Kamfanin Phillips na Amurka ya gano rijiyar Ekofisk a 1969, aka fara haƙo mai a 1971, sannan a 1972 aka kafa kamfanin gwamnati na Statoil. A shekarar ce kuma kashi 53.5 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ƙi shiga Kasuwar Tarayyar Turai, manoma da masunta ne kan gaba wajen ƙin. A 1990 majalisa ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai, aka fara zuba kuɗi a ciki a 1996.