Rinto da Matsayin Mata a Wasannin Shiga Rigar Wani: Daga Dandali zuwa Wayoyin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bi tarihin wani nau'in wasa da ya iso ƙasar Hausa ta wayar hannu, a dubi yadda masu shi suka yi da abubuwa biyu da ke ɓata kowane wasa, watau rinto da wulaƙanta abokin wasa, musamman idan mace ce. Wasannin da ake nufi su ne waɗanda jama'a da yawa ke haɗuwa a cikinsu ta intanet, kowa ya zaɓi siffar da zai shiga, wannan jarumi, wancan boka, waccan 'yar kasuwa, su yi ta hulɗa a cikin duniyar da aka ƙaga. Da yake ba su da tsayayyen suna a Hausa tukuna, a nan za mu kira su wasannin shiga rigar wani. Abin da takardar ke son ta nuna shi ne, hukuncin da ake yi wa mai laifi a wasa yana bin buƙatar wanda ya mallaki fagen ne. Kamfanonin da suka mallaki waɗannan wasanni sun yaƙi rinto da dukan ƙarfinsu domin yana taɓa aljihunsu, amma sun daɗe suna jan ƙafa a kan cin zarafin mata.

Shiga rigar wani a gargajiyance

Bahaushe bai jira kwamfuta ba kafin ya san shiga rigar wani. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata kan naɗa wa junansu muƙamai, a sami sarki da alƙali da 'yan doka, daga baya har da gwamna da likita, kowa ya riƙe matsayinsa har a tashi, wanda ya saɓa a ci shi tara. A wasan gauta kuwa matan fada ne ke shigar sarki da hakimansa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, har mai sarauta ya ga aibinsa a jikin wata. Haka kuma a tashe, wanda ake farawa goma ga azumi, yarinya kan sa riga da hula ta fito a matsayin miji, ba wanda zai ce ta yi abin kunya.

Abin lura a nan shi ne mai hukunci yana cikin fage tare da 'yan wasa, kuma an san gidan kowa. Wanda ya yi rinto a dara ko ya yi coge a langa, gobe ma da su zai zauna, saboda haka kunya da tsoron a daina sa shi sun isa su tsare shi. Sa'an nan mata suna da nasu fage da nasu iko a cikinsa, har su ari rigar namiji su yi masa ba'a da ita.

Yadda fage ya koma hannun kamfani

Asalin waɗannan wasanni a kwamfuta yana komawa ga 1978, sa'ad da Roy Trubshaw ya fara tsara wani wasa mai suna MUD a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. Rubutu ne zalla, babu hoto. Kasuwanci ya shigo sosai da Ultima Online a 1997 da EverQuest a 1999, sa'an nan World of Warcraft na kamfanin Blizzard a 2004, wanda masu biyan kuɗinsa na wata-wata suka kai miliyan 12 a 2010.

Akwai wani abu da ya faru tun a farkon tafiyar wanda ya nuna inda aka dosa. A watan Agusta 1997, ana gwajin Ultima Online, mai wasan, Richard Garriott, ya fito cikin siffarsa ta sarki, Lord British, domin ya yi wa jama'a jawabi. An manta a mayar masa da kariyar da ke hana makami kama shi, sai wani ɗan wasa ya jefa masa wuta ya kashe shi a bainar jama'a. Ba a daɗe ba aka kori ɗan wasan, kamfanin ya ce dalili shi ne yana cin moriyar kurakuran wasan bai kai rahoto ba. A wasan gauta sarki kan zauna ya kalli ana kwaikwayonsa. A nan kuwa sarkin shi ne mai filin, shi ne mai kafa doka, shi ne alƙali, kuma shi ne ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗin shiga.

Rinto a irin wannan wasa iri-iri ne, amma biyu ne suka fi damun kamfanoni. Na farko shi ne manhajar da ke buga wa mutum wasa yana barci, ta yi ta kashe dodanni tana tara masa dukiya. Na biyu shi ne noman zinariya, watau a ɗauki ma'aikata su kwana suna tara kuɗin cikin wasa, a sayar wa masu hali da kuɗin gaske. A 2008 Richard Heeks na Jami'ar Manchester ya ƙiyasta masu wannan sana'a sun kai 400,000, galibinsu a ƙasar Sin. Dukan biyun suna karya darajar kuɗin wasa, suna sa mai gaskiya ya gaji ya daina biya.

Martanin Blizzard ya cancanci a tsaya a kansa. Ya ɗora wa wasan wani ɗan leƙen asiri mai suna Warden, wanda aka gano a 2005 yana binciken abin da ke gudana a kwamfutar ɗan wasa. Ya yi shari'a da masu manhajar Glider, kotu a jihar Arizona ta ba shi gaskiya a 2008 tare da diyyar dala miliyan 6, ko da yake kotun ɗaukaka ƙara ta rage faɗin hukuncin a 2010. A 2017 ya sake samun hukuncin sama da dala miliyan 8 a kan kamfanin Bossland na Jamus. Daɗin daɗawa gwamnatoci sun shigo: Koriya ta Kudu ta yi doka a 2016 mai ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5 ga masu ƙera kayan rinto, a 2021 kuma 'yan sandan birnin Kunshan na Sin, da taimakon kamfanin Tencent, suka kama wani gungu da aka ce ya tara dala miliyan 76. Amma a 2015 Blizzard da kansa ya fito da WoW Token, hanyar da mai kuɗi zai biya kamfanin ya sami zinariyar wasa. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan. Ashe sayen fifiko da kuɗi bai zama laifi ba sai idan kuɗin ya bi ta hannun wani.

Mata a fage

Tarihin cin zarafin mata a waɗannan wasanni ya girmi yawancin shari'un da aka ambata. A 1993, a wani wasan rubutu mai suna LambdaMOO, wani ɗan wasa ya yi amfani da wata dabara ya tilasta wa siffofin wasu mata aikata alfasha a gaban jama'a, Julian Dibbell ya rubuta labarin a ƙarshen shekarar. Abin sha'awa shi ne 'yan wasan da kansu suka taru suka yi muhawara, aka shafe siffar mai laifin, daga bisani aka kafa tsarin ƙuri'a. Wannan ya yi kama da shari'ar dandali, kuma ya yiwu ne domin wurin ƙarami ne, ba na neman riba ba. Da wasanni suka koma hannun manyan kamfanoni sai wannan iko ya kuɓuce wa 'yan wasa, abin da ya rage musu shi ne maɓallin kai ƙara.

Binciken Nick Yee a farkon shekarun 2000 ya nuna kusan kashi 85 cikin 100 na masu irin wannan wasa maza ne, kuma kusan rabin siffofin mata da ke yawo a World of Warcraft maza ne a cikinsu. Namiji ya ari rigar mace ya sami kyauta da taimako, mace ta gaske kuwa ta ari rigar namiji domin a ƙyale ta. Kuznekoff da Rose sun gwada wannan a wasan Halo 3, suka buga sakamakon a 2013: muryar mace ta jawo munanan kalamai ninki uku na waɗanda muryar namiji ta jawo, alhali abu ɗaya suke faɗa.

Inda rinto da raina mata suka haɗu ƙarara shi ne a labarin Kim Se-yeon ta Koriya ta Kudu, wadda aka fi sani da Geguri. A 2016 ta ƙware a wasan Overwatch har wasu abokan gasa suka ce lalle da manhaja take harbi. Kamfanin ya bincika ya wanke ta, amma sai da ta zauna a gaban kyamara ana kallon hannunta kafin bakin mutane ya mutu. A ganina wannan ya fi zagi ciwo, domin ƙwarewarta ce aka mayar hujjar tuhuma. Su kansu kamfanonin ba su tsira ba a cikin gida. Riot Games ya amince a 2021 zai biya dala miliyan 100 a ƙarar nuna wa ma'aikata mata bambanci. A shekarar ce kuma wata hukumar jihar Kalifoniya ta kai Activision Blizzard ƙara, aka sasanta a 2023 a kan kusan dala miliyan 54 game da albashi da ƙarin girma, hukumar ta janye zargin cin zarafi.

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

To, ta ina wannan tarihi ya riski Kano? Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni unguwanni ne na wajen ganuwa, ta ɓangaren hanyar Zariya, waɗanda suka cika da ma'aikata da 'yan kasuwa bayan Kano ta zama babban birnin jiha a 1967. Manyan wasannin kwamfuta irin su World of Warcraft ba su yi saiwa a cikinsu ba, dalilan kuwa a fili suke: rashin tsayayyar wutar lantarki, da kuɗin wata na kusan dala 15 da sai da katin banki mai aiki a waje ake biyansa, da kuma nisan babbar kwamfutar kamfani, wadda 'yan wasa ke kira saba, domin wasan bai ajiye ko ɗaya a Afirka ba.

Abin da ya fara shigowa shi ne gidan gem, shago mai talabijin da PlayStation da janareta, galibi ƙwallon ƙafa ake bugawa, wanda aka ci ya biya ya tashi. Wannan wuri ya gaji dandali ta fuska ɗaya, domin mai shago yana zaune, in ka tsayar da wasa ana shirin cinka ko ka taɓa waya wuta ta ɗauke, nan take za a yanke maka hukunci. Ta wata fuskar kuwa ya gaza dandali, domin fage ne na maza zalla.

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, Main One da Glo-1, suka fara aiki a 2010, sa'an nan waya mai shafawa ta yi araha, kasuwar Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni ta zama matattarar saye da musaya. Ta nan ne Free Fire na kamfanin Garena na Singafo, wanda ya fito a 2017 kuma aka tsara shi domin ƙananan wayoyi, da PUBG Mobile na 2018 da Call of Duty: Mobile na 2019 suka shiga hannun samari. Asalinsu wasannin harbi ne, amma sun ɗauko kayan wasannin shiga rigar wani: siffa, da ƙungiya, da muƙami, da tufafin da ake saye da kuɗin gaske.

Da su ne hukuncin kamfani ya iso ƙofar gida. Yaron da aka ɗora wa gurɓatacciyar manhaja mai nuna abokin gaba ta bayan bango, ran da aka gano shi za a rufe asusunsa, duk abin da ya saya da kuɗin makaranta ko na dako ya tafi. Wani lokaci hukuncin kan faɗa a kan wayar kanta, ga shi kuwa waya a Kano takan bi hannu uku ko huɗu, sai wanda ya saya ya gaji laifin da bai yi ba. Sharuɗɗan da ya danna ya amince da su ba da Hausa aka rubuta su ba, ƙorafin ma ba da ita ake karɓa ba.

Ga mata kuwa wayar ta buɗe ƙofar da gidan gem ya rufe, domin yarinya tana ɗakin mahaifiyarta a Darmanawa ko Hausawa za ta iya shiga fage ɗaya da maza. Na sha jin ɗalibaina mata suna cewa da sunan namiji suke shiga, kuma ba sa kunna murya, domin da zarar an ji mace ce sai wasa ya koma neman lamba, in ta ƙi a koma zagi, in ta yi nasara a ce yayanta ne ya buga mata. Wannan hasara ce a cikin wasan kansa, tunda ƙungiyar da ba ta magana da juna ita ake fara kashewa. Manhajar da ke kama rinto ba ruwanta da harshe, lissafi take bi, saboda haka tana kama ɗan Tarauni kamar yadda take kama ɗan Jakarta. Matatar zagi kuwa an gina ta ne galibi a kan harsunan da kamfani ke samun ciniki da su, don haka ashar da aka yi wa yarinya da Hausa, musamman da baki, takan wuce ba tare da ta taɓa komai ba.