BABI NA BIYU: TARIHIN MUJALLUN SADAUKAI MASU HOTO DA KARƁUWARSU A ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin mujallun nan da ke ba da labarin sadaukai ta hanyar jera hotuna ko zane, tun daga asalinsu har zuwa shigowarsu kudancin ƙasar Katsina. Haka kuma za a duba dalilan da suka sa ake sake buga tsofaffin cikinsu da baƙi da fari, kuma suna samun masu saye. Manufar babin ita ce a nuna cewa waɗannan mujallu, duk da da Ingilishi aka rubuta su, suna da gurbi a tarihin karatun Bahaushe.

2.1 Asalin Mujallun Sadaukai

Irin wannan adabi ya bunƙasa ne a Amurka. A shekarar 1938 aka fara buga labarin Superman, sai Batman ya biyo baya a 1939, Spider-Man kuma a 1962. Abin da ya haɗa su shi ne gwarzo guda mai ƙarfi ko dabara fiye da ta sauran mutane, wanda yake ɓoye kamanninsa, yana ƙwatar wa raunana haƙƙinsu daga hannun azzalumai.

A nahiyar Afirka kuwa, kamfanin da ke buga mujallar Drum ta Afirka ta Kudu shi ne ya fara cin kasuwar. Daga 1968 zuwa 1972 ya riƙa fitar da mujallar African Film, wadda ake sayarwa a Nijeriya da Gana da Kenya da wasu ƙasashe. Tauraronta shi ne Lance Spearman, wani baƙar fata mai binciken masu laifi, sanye da kwat da malafa, babban abokin gabarsa kuwa shi ne Rabon Zollo. Mutane na gaske ake ɗauka hoto, baƙi da fari, sannan a rubuta maganar kowa kusa da bakinsa. Kamfanin yana da wata mujallar kuma mai suna Boom, wadda gwarzonta Fearless Fang yake zaune a daji.

Bayan waɗannan sai Powerman ya ɓullo a 1975. Shi zane ne na hannu, wanda Turawan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, suka riƙa zanawa musamman domin kasuwar Nijeriya, ana fitar da shi duk bayan mako biyu har kimanin shekara biyu.

2.2 Yanayin Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Kafin mujalla ta sami gindin zama a wuri, sai an sami abu uku: hanyar da za ta iso, da kuɗin sayenta, da masu iya karanta ta. Duk ukun sun haɗu a wannan yanki a daidai wannan lokaci.

Ta fuskar hanya, layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wanda aka kammala a 1929, ya ratsa ta Funtuwa. Garin kuma mahaɗa ce ta hanyoyin mota zuwa Zariya da Sakkwato da Birnin Gwari, da kuma Katsina ta Malumfashi. Saboda haka duk abin da aka buga a Ikko ko Kaduna ba ya daɗewa bai iso tasha ba.

Ta fuskar kuɗi, wannan ƙasa ce ta auduga, akwai injinan gurzarta a garuruwan biyu. Da kaka, idan aka kai auduga fuloti, kuɗi kan wadata a hannun manoma da 'yan ƙwadago da masu awo. Bugu da ƙari, a tsakiyar shekarun 1970 aka kafa shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya jawo malaman gona da akawuna da direbobi masu albashi.

Ta fuskar karatu kuwa, shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya share fage, makarantun kwana sun tara samari masu koyon Ingilishi, sannan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara. A irin wannan yanayi kwafi ɗaya kan zagaya hannu da yawa, daga ɗalibi zuwa ɗalibi, har sai ya yayyage.

2.3 Dalilan Karɓuwarsu

Dalili na farko shi ne sauƙin fahimta. Wanda Ingilishinsa bai nuna ba yana iya bin labarin ta kallon hoto, ya tsinci kalmomi a hankali. Mawallafan Powerman har lamba suka sa wa kowane zane domin mai karatu ya san inda zai dosa.

Na biyu, Bahaushe ya san sadauki tun kafin zuwan waɗannan mujallu. Yana da 'yan tauri da 'yan dambe da mafarauta, yana da labarin layar zana da baduhu da sagau. A rubuce ma akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Idan aka yi la'akari da wannan, za a ga cewa Powerman bai zo da baƙon abu ba. Shi ma yana da makarinsa kamar kowane mai asiri, wato saran maciji, haɗarin da duk manomin wannan yanki ya sani da damina.

Na uku, gwarzon baƙar fata ne. A majigi da silima an saba ganin Bature ko Ba'indiye yana cin nasara. A nan kuwa mai kama da mai karatu ne yake tuƙa mota, yana kama ɓarayi a cikin birni irin na Afirka.

2.4 Ja da Baya da Sake Bugawa

African Film ta tsaya a 1972, Powerman kuma bai kai ƙarshen shekarun 1970 ba. Daga 1986, da shirin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, takarda da kayan ɗab'i suka yi tsada. Gurbin da aka bari sai littattafan soyayya na Kano suka cike shi, daga baya kuma finafinan bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a 1990.

Amma a ƙasashen waje tsohon zane bai mutu ba. A 1988 kamfanin Eclipse na Amurka ya sake buga labaran Powerman a fitowa huɗu da baƙi da fari, bayan an canza wa gwarzon suna zuwa Powerbolt. Abin da ya jawo haka shi ne a lokacin Gibbons ya riga ya shahara da zanen Watchmen, Bolland ma ya yi suna, masu karatu kuma suna son ganin aikinsu na ƙuruciya. Haka kamfanin Marvel ya fara jerin Essential a 1996, DC kuma ya fara Showcase Presents a 2005, inda aka tattara ɗaruruwan shafuka na tsofaffin labarai a littafi guda marar launi.

Ana iya kawo dalilai uku na farin jinin irin wannan bugu. Da fari akwai araha, domin tawada ɗaya a kan takardar jarida ba ta kai kuɗin launi huɗu ba, don haka mai ƙaramin ƙarfi yana samun labari mai yawa da kuɗi kaɗan. Sannan idan aka cire launi, hannun mai zane ya fi bayyana, ana ganin kaurin layi da yadda ya sarrafa inuwa. Daga ƙarshe akwai begen zamanin da ya wuce, wanda shi ne ya sa tsofaffin masu karatun Spearman suke ɗora shafukansa a Facebook suna tuna baya.

2.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa layin dogo da auduga da makarantar boko su ne suka buɗe wa waɗannan mujallu ƙofa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, al'adar jarunta ta Bahaushe kuma ta sa aka karɓe su. An kuma ga cewa labarin da aka zana domin yaran Nijeriya, a Amurka aka ga darajar sake buga shi. Takardar da aka buga su a kai ba ta da ƙarko. Abin da gara ta bari, mai ƙosai da mai tsire sun naɗe kaya da shi, waɗanda suka karanta su da ƙuruciya kuma yanzu dattawa ne. Saboda haka ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sassan Hausa na jami'o'i su tattara ragowar kwafin da ke hannun jama'a, su adana su a kwamfuta, tun ana iya samunsu. A babi na gaba za a kwatanta siffofin waɗannan sadaukai da na jaruman ƙagaggun labaran Hausa.