Dafin Kibiya, Maganin Zuciya

'Yan'uwana mata, kakata a Dutse ta sha ba mu labarin Duna Magu, maharbin da aka ce shi ya fara zama a nan saboda yawan gada. Ta ce maharban da can 'ya'yan kwankwani suke dafawa su shafa wa kibiya. Da ta taɓa jini, zuciyar dabba sai ta tsaya cak.

A 1888 wani Bafaranshe, Arnaud, ya tace sinadarin ouabain daga irin wannan dafi na Somaliya. Likitocin Turai suka riƙa ba masu ciwon zuciya ɗan mitsitsi, bugunta ya ƙara ƙarfi. In ya zarce kuwa, sai ajali.

To uwargida, in likita ya ba maigida ko Inna maganin zuciya, kada ki ƙara awo don a warke da wuri. Kuma ki ɓoye wa yara shi.