Takalmin gyaran ƙafar jariri: yadda ake ɗaure shi

Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa da ƙafa a murɗe ciki, abin da asibitocin Kamaru ke kira pied bot. Ana gyara ta da dabarar likita Ignacio Ponseti na Jami'ar Iowa a Amurka: filasta ta 'yan makonni, sannan takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa. Yaro kan sa su awa 23 a rana tsawon wata 3, daga nan sai lokacin barci har shekara 4 ko 5. Barin takalmin da wuri shi ne babban abin da ke sa ƙafa ta sake murɗewa.

Wurin ɗauri, ana fara sa safar auduga, a tura diddige har ƙasa. Madaurin tsakiya, na kan idon sawu, shi ake fara ja, sannan sauran. Idan yatsu na shigewa ciki in an ja takalmin, ɗaurin bai yi ba. Idan sun yi sanyi ko sun kumbura, ya matse da yawa.

A Douala, zafi da laima kan jiƙa safa da gumi, fata ta saɓule. Shi ya sa ake canza safa da ta jiƙe, a duba diddige kullum. Ƙuna ko gyambo ba na jira ba ne: mazauna New Bell na da asibitin gundumarsu, akwai kuma asibitin Laquintinie a Akwa.