Wasan 'Yar Tsana a Karkarar Arewacin Kano

'Yar tsana ƙaramin mutum-mutumi ne da 'yan mata ke haɗawa da karan dawa, ko ƙashi, ko laka, su ɗaura mata ƙyalle, su yi mata kitso da zare. A ƙauyukan Dambatta da Bichi da Makoɗa, inda gona ke jingine da gona, kara ba ya wuya bayan girbi.

Aure ne babban abin da ake kwaikwaya. Akan sa 'yar tsana a lalle, a yi mata jere da marafan kwalba, sannan a kai ta gidan wata ƙawa ana kukan amarya. Rabuwa da gida ke nan yarinya take gwadawa tun kafin ta riske ta, a daidai lokacin da yayyenta maza ke shirin tafiya cirani birnin Kano ko Legas, iyaye na zullumin hanya.

Tatsuniya ta ba wannan zullumi suna: Dodo, baƙon da kan zo da kyakkyawar siffa, ya auri budurwa, ya shige daji da ita. A ƙasar Meziko kuwa, La Llorona ce ake tsorata yara da ita, fatalwar uwa mai yawo bakin ruwa tana kukan 'ya'yanta, har masu wasan 'yar tsana na can kan fito da ita dandali.