Kazar Lemo: Girkin da Ya Taso daga Kasuwa Ya Shigo Gida

Yawancin abincin da ya yi suna a duniya daga murhun gida ya taso. Uwa ta dafa wa iyalinta, maƙwabta su ɗanɗana su yaba, wata rana wani ya fitar da shi kasuwa ya sa masa farashi. Kazar lemo, wadda a yau take cikin abincin Sinawa da aka fi ci a Amurka, ta bi wannan hanya a juye. Tsokar kaza ce da aka yanka ƙanana, aka turbuɗa a garin sitaci, aka soya ta yi garas-garas, sannan aka juya ta cikin miya mai kauri da sheƙi, wadda ta haɗa zaƙi da tsami da ɗan yaji da ƙamshin ɓawon lemo. A gidan sayar da abinci aka haife ta, a manyan kantuna ta girma, sai daga baya ta shigo kicin ɗin iyali ta zama abincin dare. Wannan ya sa mutane da yawa ke raina ta, suna cewa abincin bogi ne da ya ari sunan ƙasar Sin. A ganina sun yi mata rashin adalci. Girkin Sinawan Amurka ne na haƙiƙa, kuma duk abin da ke cikinta yana da dalilin da ƙaura da doka da kasuwa suka ba shi.

Tushenta yana cikin ɓawo. Kudancin Sin na cikin yankunan da itatuwan lemo suka samo asali, kuma tun shekarar 1178 wani jami'in hukuma mai suna Han Yanzhi ya rubuta littafi sukutum a kan ire-iren lemon da ake nomawa a Wenzhou. Sinawa ba sa zubar da ɓawon tanjirin. Suna shanya shi ya bushe, su ajiye shekara da shekaru har ya yi duhu, ɗacinsa ya lafa, ƙamshinsa ya yi zurfi. Sunansa chenpi, kuma mafi daraja shi ne na gundumar Xinhui a lardin Guangdong, inda ba a ɗaukarsa ya isa sai ya shekara uku a ajiye, kuɗinsa kuma yana hawa da tsufansa. Magani ne kafin ya zama kayan miya: Li Shizhen ya yi bayaninsa a babban kundinsa na magunguna da aka buga a 1596, ana kuma ba da shi ga mai kumburin ciki da mai majina. Masu girki a lardunan Sichuan da Hunan suna dafa naman shanu ko kaza da shi, tare da busasshen barkono, har ruwan ya tsotse, naman ya yi duhu da ƙamshi. Wancan girki ba shi da kwaɓi a jiki, ba a cire masa ƙashi, kuma ɗaci da yaji ne ke gaba, zaƙin kaɗan ne. Wanda ya saba da kazar lemon Amurka ba lallai ya gane shi ba in aka ajiye masa.

Tazarar da ke tsakanin girkin biyu ta fi shekara ɗari, kuma tafiya ce mai wuya. Bayan an gano zinariya a Kalifoniya a 1848, dubban samari daga Guangdong suka tsallaka teku, akasarinsu daga gundumomi huɗu da ke maƙwabtaka da juna, ciki har da ita Xinhui ɗin. Fiye da dubu goma daga cikinsu ne suka fasa duwatsu wajen shimfiɗa layin dogon da ya haɗa gabashin Amurka da yammacinta a 1869. Da aiki ya ƙare sai ƙiyayya ta taso. A 1882 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta hana leburorin Sin shiga ƙasar, ta bar ƙofa a buɗe ga wasu rukunai kaɗan kawai, irin su 'yan kasuwa da ɗalibai da malamai. An kore su daga ma'adinai da masana'antu, aka bar musu wanki da guga da dafa abinci. Wajen 1915 kotu ta amince cewa mai babban gidan abinci ma ɗan kasuwa ne, yana iya zuwa gida ya dawo, har ya kawo dangi. Nan da nan gidajen abincin Sinawa suka yawaita a biranen Amurka. Abin lura shi ne waɗanda ke ci a ciki. Sinawan ƙasar ba su da yawan da za su riƙe waɗannan gidaje, don haka tilas a dafa abin da bakin Bature zai karɓa, da kayan da ake samu a kasuwarsa. Daga nan aka koyi ƙara sukari, da cire ƙashi, da kauranta miya da sitaci. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma mutumin da aka rufe wa kowace ƙofa ba za a zarge shi don ya gyara girkinsa ya ciyar da 'ya'yansa ba.

An soke dokar a 1943, amma aka ƙayyade mutum 105 kacal a shekara. Sai a 1965 aka buɗe ƙofa sosai, kuma waɗanda suka shigo a wannan karo daban suke da na farko: ɗalibai, injiniyoyi, da ƙwararrun kuku daga Taiwan da Hong Kong, waɗanda da yawansu suka baro babban yankin Sin bayan juyin juya halin 1949. Ziyarar Shugaban Amurka Nixon zuwa Sin a Fabrairun 1972 ta sa Amurkawa suka shiga ɗokin duk wani abu na Sinawa, gidajen abincin Hunan da Sichuan suka buɗe a Niyok. A wannan zamani kazar Janar Tso ta bazu. Peng Chang-kuei, ɗan Hunan, ya ƙirƙiro ta a Taiwan a shekarun 1950, mai gishiri da tsami da yaji. A Niyok, a hannun masu girki irin su T. T. Wang, ta sami kwaɓi mai garas-garas da sukari. Naman shanu mai ɓawon lemo ma ya shiga jerin abincin waɗannan gidaje, aka yi masa irin wannan gyara. Kafin 1980, dukan sassan da za a haɗa kazar lemo da su sun riga sun hallara a kicin ɗin Sinawan Amurka.

Waɗanda suka tattara su suka kai su ga talakan Amurka su ne iyalin Cherng. Andrew Cherng, haifaffen Yangzhou, ya je Amurka karatun lissafi, sannan a 1973 ya buɗe gidan abinci mai suna Panda Inn a Pasadena tare da mahaifinsa, wanda kuku ne. A 1983 aka buɗe Panda Express na farko a babban kantin Glendale Galleria, matar Andrew, Peggy, kuma, mai digirin digirgir a injiniyan lantarki, ta ɗora lissafin ciniki da na kaya a kan kwamfuta. Kamfanin ya ce babban kukunsa Andy Kao ne ya haɗa kazar lemo a 1987 a Hawai, da farko da ƙashinta, daga baya aka cire saboda masu saye sun fi son tsoka zalla. Za a iya cewa wannan labarin kamfani ne da yake bayarwa don tallan kansa, tunda lemo da kaza sun haɗu a tukunya tun kafin Kao. Gaskiya ne, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin wanda ya faro komai ba. Amma abin da ya yi ba ƙarami ba ne, domin ya daidaita girkin da wurin da za a sayar da shi. A zauren cin abinci na kanti, abinci yakan jira mai saye a farantin ƙarfe a bisa ruwan zafi, mai saye kuma yana tafe da yara da ledojin sayayya, cokali mai yatsu na roba ne a hannunsa. Kwaɓi mai kauri yana jure zaman jira, miya mai sitaci tana manne wa nama ba ta tsinkewa, ƙananan yanka ba sa buƙatar wuƙa. A lokacin kuma kiwon kajin gidan gona ya mayar da kaza nama mai araha, McDonald's ta riga ta saba wa yara da cin soyayyar tsokar kaza marar ƙashi tun farkon shekarun 1980. Yau Panda Express yana da rassa fiye da 2,000, kuma kazar lemo ce abin da ya fi sayarwa.

Babbar sukar da ake yi ita ce a ƙasar Sin ba a san wannan girki ba, don haka kiransa abincin Sinawa yaudara ce. Rabin farko na maganar daidai ne, amma hukuncin da aka ɗora a kai ya ginu a kan zaton cewa girkin wata al'umma abu ne da ya tsaya wuri guda. Barkonon da ya zama alamar Sichuan da Hunan daga nahiyar Amurka ya fito, jiragen Turawa suka kai shi Asiya, kuma rubutun Sinanci na farko da ya ambace shi, na 1591, a matsayin furen ado ya kawo shi. Sai bayan ƙarni da wani abu ya shiga tukunya sosai. Haka tumatir da tattasai suka zo mana daga can, ba kuma wanda ke kiran miyar dage-dage baƙuwa. In barkono zai iya tsallaka teku ya zama na Sichuan, ɓawon tanjirin ma zai iya tsallakawa ya zama na Kalifoniya a hannun 'ya'yan waɗanda suka san shi. Sinawan Amurka al'umma ce mai tarihin fiye da shekara 170, tana da unguwanninta da makabartunta da jaridunta, kuma ƙin amincewa da cewa tana da girkin kanta tamkar maimaita tsohon zargin nan ne cewa su ba 'yan can ba ne, ba kuma 'yan nan ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na son in kauce mata. Ana cewa kazar lemon kasuwa tarin sukari da mai da gishiri ce, an tsara ta don ta ja kwaɗayi, kuma ta rufe wa mutane ido daga faɗin girkin Sinawa, har wasu suka ɗauka duk abincin wannan babbar ƙasa soyayye ne mai zaƙi. Akwai gaskiya a nan. Ɗacin ɓawo, wanda shi ne ran tsohon girkin, kusan ya ɓace a farantin kanti, kuma masu gidajen abinci da ke son kawo ainihin girkin lardunansu sun daɗe suna fama da masu saye da ba sa son komai sai abin da suka saba. Sai dai laifin na yanayin sayarwa ne, na abincin da dole ya yi wa kowa daɗi a cokali na farko kuma ya jure jira. Da zarar an cire girkin daga wannan yanayi, yawancin aibin yakan tafi, kuma abin da ya faru ke nan da ya shigo gida.

An daɗe ana share masa hanya. A 1945 Buwei Yang Chao, likita ce da ta zauna a Amurka, ta buga littafin koyar da girkin Sinawa a kicin ɗin Amurkawa. Joyce Chen, wadda ta buɗe gidan abinci a Kambirij ta jihar Masachusets a 1958, ta fitar da littafinta a 1962, ta koyar a talabijin, sannan ta yaɗa kaskon wok mai shimfiɗaɗɗen gindi da zai zauna a kan murhun gas ko na lantarki. Duk da haka akwai matsalar da ba a warware ba: girkin Sinawa na juye-juye cikin gaggawa yana son wuta mai ƙarfin gaske, irin wadda murhun gida ba ya bayarwa, shi ya sa uwargida kan ga nata bai yi kamar na waje ba. Kazar lemo ba ta da wannan damuwa. Suyarta a mai mai yawa ake yi, miyarta kuma a wuta madaidaiciya take haɗuwa, duk tukunya mai kauri ta wadatar. Kayanta ma, in ban da ruwan waken soya mai gishiri, babu wanda ba a samu a kantin unguwa. Kamfanoni sun lura da haka, suka fara sayar da ita daskararriya a leda, ta kantin Trader Joe's ta shekara da shekaru tana kan gaba a zaɓin masu sayayya a kantin. Daga ɗumama ta leda zuwa dafa ta tun daga farko taki ɗaya ne, iyalai da yawa kuma sun taka shi.

A gida, mai girki ce ke da iko da ma'auni. Takan zaɓi cinya maimakon ƙirji domin ba ta bushewa a mai, ta jiƙa ta da ruwan waken soya da citta, ta kwaɓa da ƙwai da sitacin masara, ta soya kaɗan-kaɗan don kada mai ya huce. Masu son garas-garas sosai sukan soya sau biyu, na farko a zafin da ya kai kamar digiri 170 don naman ya nuna, na biyu a wuta mafi zafi don sauran damshin kwaɓin ya fita. Miyar ruwan lemon da aka matse ne, da ruwan khal, da tafarnuwa da citta da busasshen barkono, sukari kuma gwargwadon bakin mutanen gidan, wanda sau da yawa bai kai na kasuwa ba. Ɓawon da aka kankare, ko chenpi da aka jiƙa aka yayyanka in akwai kantin Sinawa a kusa, yana dawo da ɗan ɗacin da kanti ya kora. Yawancin umarnin girkin kan sa a zuba cokali ɗaya ko biyu na giyar shinkafa ta Shaoxing, gidajen Musulmi kuwa suna barinta su ƙara ɗan khal ko romon kaza, kuma girkin ba ya rasa komai da za a yi kewa. Babban bambancin yana cikin minti na ƙarshe. Sitaci soyayye yana fara shan ruwa da zarar miya ta taɓa shi, don haka a gida ba a haɗa kaza da miyarta sai shinkafa ta nuna, kowa ya wanke hannu ya zauna.