Tsuntsun Anna: Ɗan mitsitsin da ke yin sheƙa a tsakiyar hunturu

Hamingbad ƙananan tsuntsaye ne masu shan ruwan fure, waɗanda ba a samun su sai a nahiyar Amurka. Yawancin masu zama a arewacin nahiyar kan yi ƙaura zuwa Meziko da Amurka ta Tsakiya da zarar sanyi ya kama. Nau'in da ake kira Anna, mai nauyin kimanin giram huɗu, shi ba ya zuwa ko'ina.

A farkon ƙarni na 20 wannan tsuntsu ba ya hayayyafa sai a kudancin Kalifoniya da arewacin Baja. Yau ya kai har lardin Biritish Kolombiya na Kanada, inda birnin Bankuba ya zaɓe shi a matsayin tsuntsun birni a 2017. Masana na danganta yaɗuwar da furannin lambuna, da ɗumin birane, da ruwan sukari da mazauna ke rataye masa a harabar gidajensu.

Babbar barazanarsa ita ce dare. Jiki ƙarami irin nasa yakan zubar da zafi da sauri, ga shi babu damar neman abinci cikin duhu. Sai ya faɗa wani barci mai kama da suma: zafin jikinsa ya sauko daga kusan digiri 41 zuwa kimanin tara a ma'aunin Selshiyos, bugun zuciya da numfashi su ragu ƙwarai. Wanda ya gan shi a kan reshe a wannan hali zai ɗauka ya mutu. Da asuba sai ya shiga karkarwa har jikin ya ɗumama, ya tashi kiwo. Wani ɗan uwansa a tsaunukan Andis na Peru ma ya fi shi, domin an auna zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 3.3.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne lokacin hayayyafa. A Kalifoniya macen kan fara sheƙa tun Disamba, a arewa kuwa cikin Janairu ko Fabrairu, wani lokaci dusar ƙanƙara na zuba a kanta. Takan saƙa sheƙar da lallausan kaɗar tsirrai, ta ɗaure da saƙar gizo-gizo, ta saka ƙwai biyu. Ita kaɗai ke kwanci na kusan kwana 16, ita kaɗai ke ciyar da 'ya'yan da ƙananan ƙwari. Namijin ba ya taɓuka komai.

Masu rataye ruwan sukari kan haɗa awo ɗaya na sukari da awo huɗu na ruwa, ban da zuma, kuma su riƙa sauya shi idan ya daskare.